Yadda Ake Fitar da Manhaja Kasuwa da Neman Jari Daga Katsina, Mataki-Mataki

Tambaya guda ce ke ta dawowa gare ni. Ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua sun yi mani ita, na kwalejin Hassan Usman sun yi, waɗanda suka gama horon fasahar zamani na gwamnatin tarayya, wato 3MTT, sun yi, har wani ƙanena ya taso takanas daga Daura ya same ni bayan sallar La'asar ya ce, "Yaya, ina da tunanin wata manhaja, ina zan samu mai zuba mani jari?" Abin da na gaya mashi shi zan shimfiɗa a nan. Neman jari mataki ne na tara a wannan aiki, mafi yawan masu tambayar kuwa ba su taka na ɗaya ba. Wanda ya bi matakan a jere, sau da yawa kafin ya kai na tara ya riga ya sami kuɗin da ya fi na mai jari albarka, wato kuɗin mai saye.

Don kada magana ta tsaya a iska, zan riƙe misali ɗaya har ƙarshe: manhajar da ke taimaka wa makarantu masu zaman kansu da islamiyyu karɓar kuɗin makaranta, ba da rasit, da aika wa iyaye sakamakon yara. Kai sai ka ɗora naka tunanin a gurbinta.

1. Fita ka nemo ciwon da ake biyan kuɗin maganinsa

Rufe kwamfutar tukuna. Kayan aikin wannan mataki littafin rubutu ne, da biro, da kuɗin Napep na mako biyu ko uku. Ka rubuta sunayen mutum talatin waɗanda kake jin matsalar ta shafa, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. A misalinmu, masu makarantu ne da ma'ajinsu, daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Marusa, har unguwannin bayan gari inda sababbin makarantu ke ta buɗewa.

Yadda kake tambaya shi ne dukan aikin. Kada ka ce, "Malam, in na yi manhaja kaza za ku yi amfani da ita?" Bahaushe yana da kara, ba zai kashe maka gwiwa a gaban idonka ba. Zai ce, "Masha Allah, Allah Ya sa albarka," kai kuma ka koma gida kana ƙirga shi cikin masu saye. Tambaye shi abin da ya riga ya faru. Zangon da ya wuce, yara nawa ne ba su gama biya ba? Ta yaya aka gane? Wa ke riƙe da littafin? An taɓa kawo rasit na bogi? Me aka kashe wajen gyara matsalar? Mutumin da ya taɓa fitar da kuɗi ko ya ɓata kwanaki yana neman mafita, shi ne naka. Wanda ya ce "e, to, akwai matsalar" ya ci gaba da shan shayinsa, ba naka ba ne yanzu.

Hattara: 'yan'uwanka da abokan ajinka ba sa cikin talatin ɗin nan. Ni na taɓa ɓata wata bakwai ina gina manhajar haɗa dillalan hatsi da direbobin manyan motoci, ban taɓa zama da dillali ko ɗaya a Funtuwa ko Dandume ba. Abokaina duk sun yaba. Ranar da na je kasuwar na tarar kowane dillali yana da direbobin da ya sani shekara da shekaru, kira ɗaya yake yi a gama. Amana ce ke tafiyar da harkar, ni kuwa na gina abin da ke neman maye gurbinta. Wata bakwai ɗin nan har yau suna yi mani ciwo.

2. Yi aikin da hannu, ka karɓi kuɗi

Cikin talatin ɗin, zaɓi uku da suka fi jin ciwon. Ka ce masu za ka riƙe masu lissafin kuɗin makaranta na zango ɗaya. Abin da kake buƙata Google Forms ne, da Google Sheets, da WhatsApp Business, dukansu kyauta. Uba ya biya, ma'aji ya turo maka hoton alat, ka shigar, ka aika wa uban rasit. Duk Juma'a ka tura wa mai makaranta jerin waɗanda suka biya da waɗanda ake bi.

Wahala ce, kuma da gangan nake so ka sha ta. A nan za ka gano abin da babu wanda zai faɗa maka a hira: cewa uba ɗaya yana biya wa yara biyar da tiransifa guda, cewa sunan da ke jikin alat na kawun yaro ne, cewa akwai marayun da aka yafe wa rabi, cewa iyaye da yawa kashi uku suke biya. Manhajar da ba ta san waɗannan ba, mako ɗaya za a yi da ita a koma littafi.

Kuma ka sa farashi tun ranar farko, ko da kaɗan ne. "Ku fara gwadawa kyauta" ita ce jimlar da ta fi kashe ƙananan kamfanoni a garin nan, domin wanda ya saba da kyauta yana ganin ranar da ka nemi kuɗi ka canza hali. In cikin ukun babu wanda ya yarda ya biya, koma mataki na ɗaya. Ka yi asarar mako shida, ba shekara ba.

3. Abokin tafiya da rabon hannun jari

Aikin nan ƙafa biyu gare shi, mai ginawa da mai sayarwa. Da wuya mutum ɗaya ya iya duka biyun da kyau. In za ka ɗauki aboki, ku zauna ku yi maganar da kunya ke hana yi: wa ke da kaso nawa, wa zai bar aikinsa ya zauna a kan wannan, wa ke da maganar ƙarshe in an saɓa.

Ku rubuta cewa hannun jarin kowa sannu a hankali zai mallake shi. Tsarin da masu jari suka saba gani shi ne na shekara 4: wanda ya tafi kafin shekara ta cika ba shi da komai, ranar da ta cika ya mallaki rubu'in rabonsa, sauran kuma ya riƙa shigowa wata-wata har shekara 4 ta ƙare. Amfaninsa a fili yake. Abokinka ya sami aikin gwamnati a Abuja bayan wata biyar, ba zai tafi da rabin kamfanin ya bar ka da dukan aikin ba.

Hattara: kada ka biya ƙananan ayyuka da hannun jari. Wanda ya zana maka tambari ko ya ara maka ofis, ba shi kuɗi ko ka nemi ya yi haƙuri har ka samu. Kashi 10 da ka kyautar yau, shi zai hana wani mai jari shigowa gobe.

4. Rajista da takardu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Da zarar makarantar farko ta biya ka, fara takardu.

A hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, rajista iri biyu ce za ta shafe ka: ta sunan kasuwanci kawai, da ta kamfani mai hannun jari. Ta farkon ta fi sauƙi, amma ba ta da hannun jarin da za ka sayar wa kowa, don haka in kana da niyyar karɓar jari, ta biyun za ka yi. Dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai, mafi ƙarancin jarin da ake rubutawa kuma naira 100,000 ne. Ana yin komai ta shafin hukumar a intanet, kuma a can za ka ga kuɗin rajistar na ranar da za ka biya. Daga nan sai lambar haraji, sai asusun banki da sunan kamfani. Kada naira ɗaya ta kamfani ta ƙara shiga asusunka na kanka. Takardar bayanin asusun nan ita ce shaidar da mai jari zai fi yarda da ita a kan duk wani daɗin bakinka. Kuma kada ka manta da bayanin shekara-shekara da ake kai wa CAC, domin in aka bar shi tara ce ke taruwa.

Sayi adireshin intanet mai ƙarewa da .ng ko .com.ng daga dillalan da NiRA, ƙungiyar da ke kula da adireshin .ng, ta amince da su, da naira ake biya.

Sai takardar da aka fi mantawa da ita. Duk wanda ya rubuta maka ko da layi ɗaya na manhajar, ya sa hannu cewa aikin mallakar kamfani ne, kuma a ajiye shi a asusun kamfani na GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke adana aikinsu. Na ga wani ɗan'uwa a garin nan da ya biya wani ya gina mashi manhaja, suka ɓata a kan cikon kuɗi, mai ginin ya canza kalmar sirri ya kashe wayarsa. Daga farko ya sake.

Akwai kuma Dokar Sababbin Kamfanonin Fasaha, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa wa hannu a Oktoban 2022. Kamfanin da ke da rajistar CAC, bai wuce shekara 10 ba, yana aikin fasaha, kuma aƙalla sulusin hannun jarinsa na hannun 'yan Najeriyar da suka kafa shi, yana iya neman shaidar hukuma ta shafin startup.gov.ng da hukumar bunƙasa fasahar zamani, NITDA, ke kula da shi. Shaidar tana buɗe ƙofar rangwamen haraji. Nema, amma kada ka dakatar da kasuwa kana jiran ta.

Hattara biyu a nan. Sunayen yara da lambobin iyayensu bayanai ne da Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta tsare, hukumar NDPC ce ke sa ido, kuma bayanan ƙananan yara sai da yardar iyaye. Na biyu ya fi nauyi: kada ka riƙe kuɗin mutane a asusunka. Manhajar adashe, ta ajiya, ta ba da bashi, ta tara jari daga jama'a, kowace tana ƙarƙashin Babban Banki, ko hukumar kula da kasuwar hannun jari (SEC), ko ta kare haƙƙin masu saye (FCCPC). Matasa da yawa suna zuwa mani da tunanin adashe a waya. Tunani ne mai kyau, amma ba a fara shi sai da lasisi, ko da haɗin gwiwar wanda ke da lasisi.

5. Gina ƙaramin samfuri

Yanzu buɗe kwamfutar. Ka duba aikin da ya fi cinye maka lokaci a mataki na 2, shi kaɗai za ka gina. A misalinmu: shigar da biya, fitar da rasit, nuna waɗanda ake bi. Sakamakon jarrabawa, jadawalin darasi, hira tsakanin malamai da iyaye, duk su jira. Ba wa kanka mako shida zuwa takwas. In ba ka iya rubuta manhaja ba, Glide ko Bubble ko FlutterFlow za su kai ka wani wuri, sai dai da dala ake biyan su wata-wata, ka sa wannan a lissafi.

Gina wa wayar da ke hannun mutanenka. Ƙaramar Tecno ce ko itel, wurin ajiyarta ya cika da hotuna da karatuttukan malamai, datar kuma ta naira ɗari biyu ce. Manhaja mai nauyi ita ake fara gogewa in waya ta cika. Sau da yawa shafin intanet mara nauyi da saƙon tes sun wadatar, ba sai an sauke komai ba. Ga iyayen da ke riƙe da ƙaramar waya, Termii ko Africa's Talking suna ba ka hanyar aika tes, ana cajin ka a kan kowane saƙo.

Rubuta komai da Hausa, Hausar da ma'ajin makaranta ke yi, kuma inda zai yiwu ka sa murya. Mutanenmu sun fi sakewa da saƙon murya a kan karanta dogon rubutu.

Ka kuma gina ta yadda za ta yi aiki ba sabis, ta ajiye bayani a waya har layi ya dawo. Mu a jihar nan mun ga yadda aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 a Satumban 2021 saboda matsalar tsaro, aka yi watanni a haka. Ko ba wannan, fita kaɗan daga gari ta hanyar Batsari ko Kaita ya isa ya nuna maka.

In sai ka shiga Play Store, asusun Google dala 25 ne, sau ɗaya ake biya. Na Apple dala 99 ne duk shekara, kuma a Katsina za ka iya jinkirta shi ba tare da ka rasa kowa ba.

Hattara: sabon asusun mutum ɗaya a Google sai ya yi gwajin cikin gida da aƙalla mutum 12 na kwana 14 a jere kafin a bar shi ya fitar wa duniya. Na san waɗanda suka buga katin gayyatar ƙaddamarwa kafin su san wannan. Asusun kamfani ba shi da wannan sharaɗi, amma yana buƙatar lambar shaidar kamfani ta duniya da ake kira D-U-N-S, wadda ita ma samun ta yana ɗaukar kwanaki.

Wuta kuma ba sai na faɗa ba. Ƙaramin sola da batirin da zai riƙe kwamfuta biyu da na'urar intanet ya fi hayar ofis mai kyau amfani a shekarar farko.

6. Hanyar karɓar kuɗi da farashi

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, tiransifa ta zama ruwan dare, har mai shayi yana da lambar OPay ko Moniepoint a jikin teburinsa. Wannan ya sauƙaƙa maka aiki ƙwarai. Paystack da Flutterwave suna ba ka hanyar karɓar kati da tiransifa a cikin manhajarka. Paystack na cire kashi 1.5 cikin 100 da ƙarin naira 100, ana yafe ɗarin in kuɗin bai kai naira 2,500 ba, kuma cajin ba ya wuce naira 2,000 komai yawan kuɗin. Uban da ya biya naira 30,000, za a cire naira 550. Ku yanke tun farko wa zai ɗauki wannan, makaranta ko uba, a rubuta. Kuma ka tsara yadda kuɗin zai wuce kai tsaye asusun makarantar, kason ka kaɗai ya zo maka.

Farashi kuwa, ɗaure shi da abin da mai saye ke ƙirgawa. Mai makaranta da kan yara yake lissafi, kuma zango-zango kuɗi ke shigo mashi. Ka ce mashi naira 200 kan kowane yaro a zango, ya gane nan take. Ka ce mashi kuɗin wata-wata, zai tuna watan hutu da ba ya samun ko sisi.

7. Fitarwa

Ba ka buƙatar ɗakin taro da manyan baƙi. Abin da kake buƙata makaranta goma da suka fara zango da kai. Lokaci kuma shi ne kan gaba: mako uku kafin komawa makaranta a Satumba ko Janairu, ba tsakiyar zango ba. Kowace sana'a tana da irin wannan lokaci, manomi kafin damina, tela kafin azumi.

Je ka da kanka ka zauna da ma'aji ka shigar da sunayen yara tare da shi. Mai makarantar da ya ji daɗi, roƙe shi ya kira maka abokansa biyu a gabanka. A Katsina kiran "Alhaji, ga yaron nan zan turo maka, ka saurare shi" ya fi tallar Facebook ta wata guda. Ƙungiyar masu makarantu masu zaman kansu tana taro, nemi minti goma a ciki, kuma wanda ke amfani da manhajar ya yi magana, ba kai ba.

Abu uku kawai za ka riƙa rubutawa duk mako: nawa suka biya, nawa suka dawo zango na gaba, nawa ka kashe kafin ka samu kowane ɗaya. Yawan waɗanda suka sauke manhaja da yawan mabiya a Instagram ba su cikin lissafi.

8. Tsaya ka yi lissafi: kana buƙatar jarin kasada kuwa?

Wannan ne matakin da nake so a fi tsayawa a kai. Abin da ake kira jarin kasada ba kyauta ba ne, ba kuma bashi ba ne. Kamfanin jarin yana tara kuɗi daga manyan masu dukiya da hukumomi, da alƙawarin mayar masu da riba cikin kusan shekara 10. Ya san mafi yawan kamfanonin da zai sa wa kuɗi za su mutu ko su tsaya cik. Don haka yake neman wanda zai iya ninka kuɗin sau goma, sau hamsin, ya rufe asarar sauran. Kuma ba ribar shekara-shekara yake jira ba, jira yake a sayar da kamfanin ko a kai shi kasuwar hannun jari. Irin abin da ya faru da Paystack ke nan, wanda Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a 2015, ya shiga Y Combinator, cibiyar Amurka da ke horar da sababbin kamfanoni tana zuba masu jari, a 2016, kamfanin biyan kuɗi na Stripe ya saye shi a Oktoban 2020 a kan abin da aka ruwaito ya haura dala miliyan 200.

To ɗauko misalinmu. Makaranta mai yara 300, naira 200 a zango, naira 60,000 ke nan, a shekara 180,000. Makarantu 50 sun ba ka naira miliyan 9 a shekara. Ga matasa biyu a Katsina wannan mafarin sana'a ne mai kyau, halal, mai ɗorewa. Ga mai jarin da ya kawo dala, in aka canza a kan naira 1,500, dala 6,000 ne kacal. Kuma yana tuna cewa kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, farkon 2024 ta haura 1,500. Kamfanin da ya ninka cinikinsa sau uku a naira a wannan tsakanin, a idon mai dala bai motsa ba.

Saboda haka tambayi kanka da gaskiya: abin nan zai iya kai makarantu dubbai, daga Katsina zuwa Kano, Kaduna, Sakkwato, har Maraɗi da Damagaram? Kana son rayuwar da hakan ke buƙata? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi mashi aski. Ranar da ka karɓi kuɗin nan ka yarda da gudu, ka yarda da wani a teburin shawara, ka yarda wata rana za a sayar. Kuma kuɗi mai yawa ba ya hana faɗuwa: 54gene ya tara kusan dala miliyan 45, ya rufe a 2023. In amsarka a'a ce, babu abin kunya. Tsallake zuwa tallafi da kuɗin masu saye, ka riƙe kamfaninka.

9. Tsanin neman kuɗi

Daga ƙasa ake hawa. Matakalar farko kuɗin masu saye: makarantar da ta biya na shekara gaba ɗaya a kan rangwame ta ba ka jari ba tare da ta karɓi kaso ba.

Ta biyu tallafi. Gidauniyar Tony Elumelu tana buɗe neman shiga ranar 1 ga Janairu kowace shekara, tana ba waɗanda aka zaɓa horo da dala 5,000 da ba a mayarwa. Akwai shirin tallafa wa kamfanonin fasaha, iDICE, na gwamnatin tarayya da ke hannun Bankin Masana'antu. A gida kuma a riƙa leƙa hukumomin bunƙasa ƙananan sana'o'i, SMEDAN ta tarayya da KASEDA ta jiha. Duk wanda ya ce ka biya shi ya sa sunanka a tallafi, ɗan damfara ne.

Ta uku attajiran gida. Katsina ba ta rasa masu kuɗi ba, sai dai sun saba da fili da hatsi da mota, abin da ido ke gani. Yi masu magana da harshen da suka sani, musharaka: riba tare, asara tare. Faɗa wa Alhaji ƙarara cewa kuɗin na iya salwanta duka, kuma ba zai zo bayan wata shida ya ce a ba shi abinsa zai aurar da ɗiya ba. In bai yarda da wannan a rubuce ba, bashi yake ba ka, kuma gara ku kira shi da sunansa.

Ta huɗu kamfanonin jari, irin Ventures Platform da Kola Aina ya kafa a Abuja, da Microtraction, da ƙungiyar Lagos Angel Network. Can sama kuma Y Combinator, mai ba da dala 500,000, inda 125,000 na farko ke sayen kashi 7. Hanya mafi kusa zuwa gare su ita ce wanda suka riga suka sa wa kuɗi ya gabatar da kai. Kuma kada nisa da Legas ya sa ka raina kanka. ThriveAgric ya shiga Y Combinator a 2019 da aikin manoman da yawancinsu 'yan Arewa ne. Sanin kasuwar da ɗan Legas bai sani ba shi ne abin sayarwarka.

10. Zama da mai jari

Shirya shafuka goma zuwa goma sha biyu: matsalar, maganin, wa ya biya kuma nawa, girman kasuwa, su wa kuke, nawa kuke nema, me za ku yi da shi. Shafin ciniki ya zo da wuri. Kada ka ƙara ko sifiri ɗaya, domin za su nemi bayanin banki kuma za su kira masu makarantun.

Sai maganar ƙima, wato darajar da aka yanka wa kamfanin, inda ake yawan yi wa sabon shiga wayo. Mai jari zai sa naira miliyan 20 a kan ƙimar miliyan 100. Tambaye shi: kafin kuɗinka ya shigo ko bayan ya shigo? In bayan ne, kashi 20 ya saya. In kafin ne, jimla ta zama miliyan 120, rabonsa kashi 16.7. Kalma ɗaya ce, amma ta raba ka da fiye da kashi 3 na kamfaninka. A zagayen farko na karɓar jari yi ƙoƙari kada abin da ka sayar ya wuce kashi 20, domin akwai zagaye na biyu da na uku, kowane yana rage naka.

Takardar da aka fi amfani da ita a farko ita ce SAFE, wadda Y Combinator ta fito da ita a 2013: a ba ka kuɗi yanzu, ya zama hannun jari a zagaye na gaba, babu ruwa a kai, babu ranar biya. Akwai wata mai kama da ita da take bashi ce mai juyewa hannun jari, ita wannan ruwa na hawa kanta. Ga Musulmi bambancin ba ƙarami ba ne. Haka sharaɗin da ke cewa in an sayar da kamfani mai jari ya fara cire kuɗinsa kafin kowa. Kai takardar wurin lauyan da ya taɓa irin wannan aiki, ka kuma kai ta wurin malamin da ya san fiƙihun mu'amala, kafin ka sa hannu. Kuɗin lauya a nan ba wurin tsimi ba ne.

Hattara: masu jarin waje sukan nemi ka kafa uwar kamfani a jihar Delaware ta Amurka. Stripe Atlas na yin wannan a kan dala 500, amma bayansa akwai haraji da takardun shekara-shekara da dala. Kada ka yi sai wanda ya nema ya nuna da gaske yake. In kuma dalar za ta shigo kamfaninka na Najeriya kai tsaye, sa bankinka ya fitar da takardar shaidar shigo da jari nan take, ita ce za ta ba mai jarin damar fitar da kuɗinsa daga baya.

11. Bayan alat ya shigo

A ranar, raba abin da ke asusu da abin da kuke kashewa a wata. Miliyan 20, kuna kashe miliyan 1.25, wata 16 ke nan. Rubuta watan da kuɗin zai ƙare a jikin bango inda kowa zai gani. Neman zagaye na gaba yakan ci wata shida, don haka aikin da zai gamsar da mai jari na gaba wata goma gare ka ka yi shi.

Yanka wa kanka albashi madaidaici a rubuce, ka tsaya a kansa. Za a ji labari a unguwa, buƙatu za su taso, wasu na gaskiya ne masu taɓa zuciya. Yi su daga albashinka. Kuɗin kamfani amana ce a hannunka, ba ta biki ba ce, ba ta sabuwar mota ba.

Mutumin farko da za ka ɗauka aiki ya zama mai ɗaga waya in ma'aji ya kira da ƙarfe bakwai na safe rasit ya ƙi fita. Sannan duk farkon wata ka aika wa masu jarinka saƙo gajere: kuɗin da ya shigo, wanda ya fita, makarantun da suka ƙaru, waɗanda suka tafi da dalilinsu, da abu ɗaya da kake so su taimaka maka da shi. Watan da labarin ba daɗi, aika shi a ranar da ka saba.